Mastodon a Damagaram: mu kafa tamu saba, ko mu shiga ta wasu?

Ƙanena, ka tambaya: tunda akwai kwamfuta ajiye a ofishin ƙungiya ba ta aikin komai, me zai hana mu ɗora mata Mastodon mu zama masu dandalin kanmu, maimakon mu je mu buɗe asusu a sabar wasu, wato kwamfutar da ke riƙe da dandalin a intanet? Na ji daɗin tambayar, don ta nuna ka gane cewa dandalin zumunta ba dole ne ya zama na wani babban kamfani ba. Sai dai hanyoyin uku ne, ba biyu ba: shiga sabar da wasu suka riga suka kafa, ɗora tamu a kwamfutar ofis, ko hayar saba a waje mu riƙe ta daga nan. A ganina ta farko ce ta dace da mu yanzu, ta uku sai nan gaba, ta biyu kuwa kada mu fara.

Mastodon manhaja ce ta kyauta da wani ɗan Jamus, Eugen Rochko, ya fitar a 2016. Ba wuri ɗaya ba ne. Dubban sabobi ne, kowace da mai ita da dokokinta, suna magana da juna ta wata ƙa'ida mai suna ActivityPub wadda aka amince da ita a 2018. Kamar yadda mai layin Airtel ke kiran mai layin Moov ba tare da ya sauya sim ba, haka mai asusu a wannan saba ke bin mai asusu a waccan. Har da masu Pixelfed na hotuna da PeerTube na bidiyo, wanda ƙungiyar Framasoft ta Faransa ke kula da shi. Don haka ko wace hanya muka bi, mutanen da za mu iya kaiwa gare su ɗaya ne. Bambancin yana wajen wanda zai ɗauki nauyi.

Shiga sabar wasu ba ya cin ko dala. Adireshin imel kawai ake nema, ba lambar waya ba, kuma nan ne da yawa daga cikinmu za su fara tuntuɓe: wanda mai shagon waya ya buɗe wa imel ranar da ya sayi wayar, bai san kalmar sirrin ba, ba zai iya buɗe saƙon tabbatarwa ba. Wanda ya wuce nan zai samu haruffa 500 a kowane rubutu, babu talla, kuma abin da mutanen da yake bi suka rubuta yana zuwa bi da bi yadda suka rubuta shi. Abin da za a rasa shi ne iko. Dokar mai sabar ce doka. Saƙon da ka aika a ɓoye ba a kulle yake ba kamar na WhatsApp, mai sabar zai iya karantawa in ya so. Kuma yana iya gajiya ya rufe. Shi ya sa ake duba ko sabar ta ɗauki alkawarin da ake kira Mastodon Server Covenant: ajiye kwafin bayanai kullum, mutum fiye da ɗaya da ke riƙe da makullin sabar, da sanarwar wata 3 kafin rufewa. In aka yi sanarwa, mutum na iya ƙaura zuwa wata saba mabiyansa su biyo shi. Tsofaffin rubuce-rubucensa ne ba sa bi.

Kwamfutar ofis kuwa, saba ba a kashe ta, dare da rana. Sauran sabobi suna turo mata saƙo a kowane lokaci. In ba ta amsa ba su sake gwadawa, in shirun ya kai kusan mako su daina turowa. Ka san yadda kuran, wato wutar lantarki, yake a garin nan, kuma ba mu manta da watan Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, sai a Maris 2024 aka mayar. Ka ce a sa faranti na rana da batir, to. Saura zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40 a ɗakin da aka kulle tun la'asar, da ƙurar hunturu da ke toshe fankar kwamfuta har ta riƙa kashe kanta. Babbar matsalar ma ba a ganinta da ido. Intanet ɗin waya yawanci ba ya ba mutum adireshin IP nasa shi kaɗai, wato lambar da ake gane na'ura da ita a intanet. Mutane da yawa ne ke fita ta adireshi ɗaya, don haka kai kana iya fita, amma na waje ba ya iya shigowa wurinka. Akwai dabarun kewaye wannan, amma yawancinsu suna komawa ga dogaro da wata saba a waje. Ga kuɗin data: duk hoton da wani da muke bi ya ɗora a Kano ko Paris, sabarmu sai ta sauko da shi ta ajiye, duk wanda muka ɗora kuma sabobin mabiyanmu za su zo su ɗauka ɗaya bayan ɗaya.

Hayar saba tana kawar da maganar kuran, zafi da adireshi gaba ɗaya. Ƙaramar saba ƴan yuro ce a wata, kuma yuro 10 bai wuce jaka shida da rabi da ƴan kai ba, tunda yuro ɗaya sefa 656 ne. Ana biya da katin banki, sai an samu mai shi. Kuɗin ba shi ne nauyin ba. Mastodon na son ƙwaƙwalwar da ta kai giga 2, yana tafiya da manhajojin ajiyar bayanai PostgreSQL da Redis, yana bukatar hanyar aika imel. Dole wani ya riƙa sabunta shi duk sanda aka toshe wata kafar tsaro, ya riƙa share tarin hotunan wasu kafin su cika ma'aji, ya ajiye kwafi a wani wuri daban, ya kuma gwada ko kwafin yana dawowa. GoToSocial, wanda shi ma ke irin aikin Mastodon, ya fi shi sauƙi nesa ba kusa ba, don ƴan tsirarun mutane aka yi shi. Akwai kuma kamfanoni irin Masto.host da ke ɗauke aikin injin a biya su a wata. Abu ɗaya kuma da sai mun kula da shi sosai: sunan yanki, wato sunan sabarmu a intanet. Shi ne rabin adireshin kowane mamba, kuma ba a sauya shi bayan an kafa. In aka manta ba a biya kuɗin shekara ba wani ya saye, duk asusun sun tafi.

Sabuwar saba kuma fayau take. Ba ta ganin komai sai abin da mambobinta ke bi. Mutum ya shiga ya ga shiru kwana biyu, ya koma inda ya fito.

Duk da haka akwai dalili ɗaya da ya sa nake fatan wata rana mu kafa tamu, kuma ya fi duk abin da na lissafa muhimmanci a wurina: harshe. Masu sa ido a manyan sabobi galibi masu aikin sa kai ne a Turai da Amurka, ba sa jin Hausa. In wani ya zagi wata ƴar'uwarmu da habaici, ko ya yi shaguɓe da asalin wani, ta kai ƙara, abin da za su gani fassarar inji ce wadda ba ta nuna komai. In kuma barkwanci ne tsakanin taubasai, ko tsakanin Bahaushe da abokin wasansa, injin zai iya nuna musu zagi. Mu ne muka san bambancin. Sabar da ƴan Damagaram ke riƙe da ita za ta rubuta dokokinta da Hausa, ta yi hukunci da sanin mutanenta, ta toshe sabar da ke turo ɓarna. Amma wannan ikon da kayansa yake zuwa. Dokar laifukan intanet ta Nijar ta 2019, wadda aka ƙara tsaurarawa a 2024, ta tanadi ɗauri kan ɓata suna da zagi da yaɗa abin da zai ta da hankalin jama'a. Ranar da wani ya rubuta abin da bai dace ba, ina ganin ƙofar mai sabar za a fara ƙwanƙwasawa. Wanda zai karɓi wannan aiki ya karɓe shi ido buɗe.

Shawarata, mu zaɓi saba ɗaya mai wancan alkawari, mu karanta dokokinta, mu shiga tare, mu bi juna tun ranar farko, mu riƙa sa alamar #Hausa da #Damagaram a rubutunmu don na nesa su same mu. Ƴan jami'ar André Salifou da ke cikinmu su taimaka wa dattawa da maganar imel. In bayan wata shida har yanzu ana rubutu ba tare da an roƙi kowa ba, sai mu zauna kan maganar haya, bisa sharaɗin mutum biyu masu makulli, wasu biyu masu duba ƙorafi, da sunan yanki da aka saya da sunan ƙungiya aka biya na shekaru a gaba. Maganar kuɗin adashe da ta iyali kuwa ta ci gaba da zama a WhatsApp.