Korg TM-60: metronom da akordar a na'ura ɗaya, ga mai koyon gitar bas da ya gaji da tsayawa wuri guda

Kukan da ake yawan ji daga matasan da ke koyon gitar bas a Maradi iri ɗaya ne: wata shida, wata takwas, yatsu sun yi kanta, amma kiɗan bai motsa ba. Sau da yawa ya motsa, abin aunawa ne babu. Ci gaban hannu a bas a hankali yake zuwa, kunnen mai shi ba ya kama bambancin jiya da yau. Amfanin wannan ƴar na'ura ta kamfanin Korg na Japan ke nan: tana mayar da ci gaban lamba, wadda za a iya rubutawa a littafi a gwada da ta makon jiya.

Girmanta bai wuce tafin hannu ba, tana aiki da ƙananan batir biyu na AAA, kuma tana da ƴar ƙafa a baya da ake kafa ta a kan tebur ko saman ampli, wato akwatin ƙara sautin gitar. Aiki biyu take yi, za a iya kunna su lokaci guda: daidaita tsirkiya (aikin akordar), da buga lokaci (aikin metronom) daga bugu 30 zuwa 252 a minti. Za a ce ai wayar hannu ma tana yin haka kyauta. Gaskiya ne. Sai dai waya tana da WhatsApp da kira, ga cajin da ake tattali ranar da aka ɗauke wuta, kuma makirfonta ba ya jin murya mai kauri da kyau. Ita TM-60 kai tsaye ake soka mata kebul ɗin gitar, hayaniyar gida ko ta babura ba ta dame ta ba.

Wajen daidaitawa, allonta haruffa yake nunawa, alhali yawancin makaɗanmu da Mi, La, Re, Sol suka saba. E ita ce Mi, A ita ce La, D Re, G Sol. Mai tsirkiya huɗu ba shi da matsala, don na'urar tana ji tun daga 32.70 Hz (ma'aunin kaurin sauti: ƙaramar lamba, sauti mai kauri), Mi mai kauri kuwa tana wajen 41. Mai tsirkiya biyar ne zai ga allurar allon tana rawa, saboda ƙarin tsirkiyar, Si ta ƙasa, tana kusan 31, ta fita daga abin da aka gina na'urar ta ji. Maganinsa: a ɗora yatsa sama-sama a kan ƙarfen gida na 12 (gida shi ne tazarar da ke tsakanin ƙarafan da aka jera a wuyan gitar) ba tare da dannawa ba, a kaɗa, sai ta karanta nan take.

Metronom ɗin shi ne dalilin saye. A sa shi a 60. A fara da tsirkiyar La a buɗe, sauti ɗaya a kowane bugu, manuniya da na tsakiya suna karɓa-karɓa, babban yatsa yana kwance a kan Mi don kada ta yi gurnani. Idan sautin ya faɗa daidai kan bugun, ƙarar na'urar kamar ɓacewa take yi a cikinsa. Idan ana jin ta a fili kusa da shi, an riga ta ko an makara. Minti biyar a nan, sannan sauti biyu a kowane bugu. Sai hannun hagu ya shigo, yatsa ɗaya gida ɗaya, amma a fara daga gida na 5, kada a fara daga na 1. A bas mai tsawon inci 34, faɗin gidan farko ya kusa santimita 5, na biyar bai kai 4 ba. Wanda ya tilasta wa yatsunsa buɗewa a gidajen farko tun da wuri, ciwon wuyan hannu yake saye, kuma a nan ne da yawa suke fid da rai. A gidajen farko ya fi sauƙi a yi da yatsu uku: manuniya, na tsakiya da ƙarami. A danna dab da ƙarfen, ba tsakiyar gida ba, da ƙarfi kaɗan gwargwadon abin da zai kashe zuzar.

Kada a ƙara sauri sai an yi zagaye uku a jere ba kuskure, sannan a ƙara 3 ko 4 kawai. Na'urar tana da hanyar hawa biyu, ɗaya mai tsalle irin na tsohon metronom, 60, 63, 66, ɗaya kuma mai hawa ɗai-ɗai. Idan an kai inda hannu ya cije, misali 84, ta biyun ce ke fid da mutum: a koma 78, a hau ɗai-ɗai. A rubuta kwanan wata da lambar da aka tsaya. Minti ashirin kullum bayan la'asar ya fi awa uku ranar Lahadi nesa ba kusa ba, don a kwana hannu yake riƙe abin da aka koya masa.

Abin da ya fi burge mu shi ne rabon bugu uku-uku. Yawancin kiɗan bikinmu, na kalangu da na orkestar, a kan wannan rabon yake tafiya, kuma mai bas da ya saba da huɗu-huɗu kaɗai yakan riga ganga ya bar ta a baya. A sa uku-uku a 50, a kaɗa na farko da na uku, a bar na tsakiya shiru. Akwai ma tsarin da ya cire na tsakiyan da kansa. Idan wannan ya zauna, a mayar da na'urar 30, a cire rabon uku-ukun ta buga na farko kaɗai, hannu ya cike sauran da kansa. A nan ake gane ko lokacin ya shiga jiki.

Tana da aibi. Sifikarta ƙarama ce, da an ɗaga ampli ta nutse. Dole a sa ekutar a kunne ɗaya a bar ɗayan ga ampli. Ba ta da ramin da zai wuce da sauti zuwa ampli, don haka kowane daidaitawa sai an cire kebul an mayar, abin da ya sa ba ta dace da dandalin biki ba. Ƙurar hunturu tana shiga ramukanta, a ajiye ta cikin jaka. Batir mai arha kuma yana iya zubar da ruwa a zafin bazara ya ci ƙarafan ciki, a cire shi in za a yi sati ba a kunna ba.

Akwai kuma abin da ba za ta gyara ba. Bushewar hunturu da laimar damina suna motsa katakon wuyan gitar, tsirkiya ta ɗaga sama, dannawa ya zama aikin ƙarfi. A auna tsakanin ƙarfen gida na 12 da ƙasan tsirkiyar Mi: milimita 2 zuwa 2.5 shi ne daidai. In ya kai 4, lambar littafi ba za ta hau ba komai naci. Sandar ƙarfen da ke cikin wuya ake juyawa da ɗan makulli mai kusurwa shida, rubu'in juyi kawai, a bar ta ta kwana, a sake aunawa. In ta yi tauri kada a matsa mata, a kai wa wanda ya saba.

Wanda zai sayo ta daga Kano ko Yamai ya sa batir a gaban mai shago, ya soka kebul, ya motsa shi a ramin ya ga ko allura tana yankewa, sannan ya biya.