Sharhi Kan Tiyatar Da Aka Yi Wa Hannun Ƙanena Bayan Fashewar Bindiga

Bindigar gargajiya ce ta fashe a hannun ƙanena ranar hawan sallah, bayan ya ɗura mata albarushi fiye da ƙima. Ta tsage tafin hannunsa na hagu, ta karya ƙasusuwa uku, ta kuma tafi da yatsansa manuni. Dangi sun so a kira mai ɗori, amma muka garzaya da shi wani asibitin gwamnati, kuma aikin da aka yi masa a can shi ne dalilin wannan sharhi.

A daren farko likitoci ba su ɗinke raunin ba. Sun wanke shi, sun yanke naman da ya mutu, sun tsince ɓarɓashin ƙarfe da na katako, suka yi masa allurar tetanus, sannan suka naɗe hannun ba tare da sun rufe ciwon ba. Na ɗauka sakaci ne, har na ɗaga murya. Sai washegari babban likita ya zaunar da ni ya ce: "Malam, naman da fashewa ta daka yakan ci gaba da mutuwa har kwana biyu ko uku, in muka rufe yanzu mun kulle ƙwayoyin cuta a ciki." Bayan awa 48 aka sake shiga da shi ɗakin tiyata, kuma lallai an samu wani naman ya yi baƙi.

Hankalinsu ya fi karkata ga babban yatsa, domin kusan kashi 40 cikin 100 na aikin hannu ya dogara a kansa. Suka kafa ƙasusuwan da siraran wayoyin ƙarfe, sannan suka ɗinke hannun a fatar matsematsinsa domin ta kama ta rufe inda nama ya zaizaye. Mako uku ya yi hannunsa a manne da ƙugunsa, ni nake ɗaura masa zane, kafin a raba su.

Ƙorafina shi ne bayani yakan zo a makare, ga kuma bandeji da safar hannu da magunguna duk mu muke saye, layin sashen gashin ƙashi kuwa yakan cinye rabin yini. Duk da haka ina shawartar wanda ya gamu da irin wannan rauni ya nufi asibitin da ke da likitan hannu tun a ranar. Yanzu ƙanena yana riƙe kofin shayi, yana ɓalle maɓallin rigarsa, ko da yake yatsu biyu har yau ba sa lanƙwasuwa sosai.