Sharhi Kan Wani Shago a Ipswich da Ya Daina Sayar da Giya Mai Ƙarfi

Shekara uku ke nan ina zaune a Ipswich, babban garin yankin Suffolk da ke gabashin Ingila, kuma a duk tsawon wannan lokaci babu wurin da na fi shiga kamar wani ƙaramin shago da ke kwanar layinmu, inda nake tsayawa in sayi burodi da madara da ƙwai idan na taso daga aikin dare. Ba zan ambaci sunansa ba, domin a cikin abin da zan faɗa akwai wanda ba yabo ba ne. Shagon yana sayar da giya, kamar yadda yawancin shagunan unguwa suke yi a ƙasar nan, ni kuwa Musulmi ne, ban taɓa kai ta bakina ba, kuma hukuncinta a wurina bai sauya ba don na ƙetare teku. Sai dai ni ne nake bin layin nan da sassafe, 'ya'yana ne kuma suke wucewa ta ƙofar shagon a kan hanyarsu ta makaranta, saboda haka yadda ake cinikinta a wurin ya shafe ni ko na so ko na ƙi.

Game da kayan masarufi ba ni da dogon bayani. Burodinsu na ranar ne, madara ba ta taɓa yanke musu ba, ana iya biyan kuɗin wuta da na gas a wurin, ana kuma karɓar saƙon kayan da mutum ya saya ta intanet. Farashi ya ɗara na manyan kantuna, kayan miya kuma sukan yi yaushi kafin ƙarshen mako, babu naman halal, don haka duk abin da ya danganci tukunya sai na je shagunan titin Norwich Road. Wurin yana da tsabta amma a matse yake, har idan mace mai keken jariri ta shiga, sai na bayanta ya jira ta fito.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata takarda da aka manna a gilashin ƙofa, wadda rana ta cinye launinta, mai nuna cewa shagon yana cikin shirin da ake kira Reducing the Strength, ma'ana rage ƙarfin giyar da ake sayarwa. A nan Ipswich aka fara wannan shiri a shekarar 2012, lokacin da masu kwana da wuni suna sha a bakin titi suka zame wa garin alaƙaƙai, da faɗace-faɗace da bara da tsorata masu wucewa, har da asarar rayuka a tsakaninsu. 'Yan sandan Suffolk da majalisar garin da majalisar yanki da hukumar lafiya suka haɗa kai da kantunan East of England Co-op, suka riƙa bin masu shaguna ɗaya bayan ɗaya suna roƙonsu su janye giyar gwangwani da giyar tuffa masu arha waɗanda ƙarfinsu ya kai kashi 6.5 cikin ɗari ko ya wuce. Babu dokar da ta tilasta wa kowa, roƙo ne kawai, kuma an haɗa shi da ƙoƙarin kai masu shan titin wurin magani da nema musu matsuguni. Daga baya garuruwa da dama a Ingila suka kwaikwayi tsarin.

Wanda bai san lissafin ba zai iya cewa giya ai giya ce, mene ne bambancin wannan gwangwani da wancan. A Birtaniya ana auna barasa da wani awo wanda kowane ɗaya yake daidai da mililita 10 na tsantsarta, wato giram 8, kuma tun 2016 shawarar manyan likitocin gwamnati ita ce kada mai sha, namiji ko mace, ya wuce awo 14 a mako. Gwangwani guda na rabin lita mai ƙarfin kashi 9 yana ɗauke da awo huɗu da rabi, robar giyar tuffa mai cin lita uku mai ƙarfin kashi 7.5 kuwa tana ɗauke da awo 22 da rabi, wato abin da ya fi na mako ɗaya da rabi a cikin roba ɗaya, a kan kuɗin da mutum zai iya tarawa da barar 'yan sa'o'i. Irin wannan kaya ba don mai walima ake ajiye shi ba, masu sayensa su ne waɗanda jikinsu ya riga ya kamu, kuma shagon da yake da shi, shi ne ƙofarsa take zama matattararsu tun kafin a buɗe.

Na ga wannan da idona, domin a watannina na farko na zauna a wani layin dabam, inda shagon da ke ƙasan gidan yake cike da irin waɗannan gwangwanaye, kuma kusan kullum sai na tsallake mutum biyu ko uku da zarnin fitsari kafin in kai ga matakala. A layin da nake yanzu ban taɓa cin karo da haka ba. Mai shagon, wani dattijo mai ƙarancin magana wanda ya daɗe a wurin, ya taɓa gaya mini cewa a watannin farko da ya janye kayan cinikinsa ya ragu sosai, har ya yi tunanin mayar da su, amma sai ya lura sata ta ragu, zagin da ake yi wa matarsa idan tana jiran shago ya ragu, tsofaffin unguwa da suka ƙaurace masa kuma suka fara dawowa sayen jarida da shayi. Bai ce mini ya yi don tausayi ba, ya ce lissafi ya yi, ni kuma wannan gaskiyar tasa ta fi kwanta mini a rai fiye da a ce ya yi mini wa'azi.

Takarda ta biyu tana jikin teburin biyan kuɗi, mai ɗauke da rubutun Challenge 25. A doka sai wanda ya cika shekara 18 ake sayar wa giya, amma da yake ido yana ruɗi, 'yan kasuwar ƙasar suka ɗauki ƙa'idar cewa duk wanda fuskarsa ba ta nuna ya kai 25 ba, sai ya nuna shaida mai hoto, ko fasfo, ko lasisin tuƙi, ko katin shekaru mai tambarin PASS. A Sukotland an mayar da wannan ƙa'ida doka tun 2011, a Ingila kuwa abin da doka ta wajabta shi ne kowane mai lasisi ya kasance yana da tsarin tantance shekaru, sai dai shaguna da yawa sun zaɓi 25 ɗin da kansu. A shagonmu ba ado ba ce takardar. Wata ranar Juma'a da yamma ina tsaye a layi, wani saurayi mai gemu wanda ni kaina da an tambaye ni da na ce ya haura ashirin, ya ajiye gwangwani huɗu, matar mai shagon ta nemi shaida, ya ciro waya ya nuna mata hoton fasfonsa, ta ce hoto a waya ba ya wadatarwa, ta janye kayan zuwa bayanta ba tare da ta ɗaga murya ba. Bayan ya fita yana ƙunƙuni, sai ta jawo wani littafi daga ƙarƙashin tebur ta rubuta rana da lokaci da abin da aka nema da dalilin hanawa.

Wannan littafi na rajistar waɗanda aka hana shi ne abin da ya fi burge ni a shagon gaba ɗaya, domin a sanina littafin ɗan kasuwa na bashi ne da na riba, ban taɓa ganin wanda ake rubuta cinikin da aka ƙi a cikinsa ba sai a nan. Jami'an lasisi da 'yan sanda suna iya neman ganinsa idan sun zo, kuma jami'an kula da ƙa'idar ciniki sukan turo yara 'yan ƙasa da shekara 18 da gangan su gwada saye, su ga wanda zai faɗa tarko. Wanda aka kama sau biyu cikin wata uku yana iya fuskantar tara mai nauyi ko a dakatar da cinikin giyarsa na wani lokaci. Dokar lasisi ta 2003 ta kuma haramta wa babba ya sayo wa yaro, ta haramta sayar wa wanda ya riga ya bugu, kuma na ga an yi aiki da wannan na ƙarshe sau ɗaya, wajen ƙarfe goma na dare, da wani mutum ya shigo yana tangaɗi, dattijon ya ce masa yau dai a'a, ya sayar masa da ruwa da biskit, ya tsaya a bakin ƙofa har ya ga ya tsallaka titi lafiya.

Tsoron tara kaɗai ba zai sa mutum ya yi haka ba, domin a tsakar dare babu jami'in da yake kallo, kuma faɗa wa bugagge a'a kana kai kaɗai a bayan tebur abu ne mai hatsari. Abin da na fahimta shi ne mai shagon yana da inda ya jingina. Ya san ɗan sandan unguwa da suna, ya san cewa shagon da ke gaba ma zai ba mutumin amsa iri ɗaya, kuma takardar ƙofar tana ba shi abin nunawa, ya ce ba ni kaɗai ba ne, tsarin gari ne. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma a ganina amfanin irin waɗannan shirye-shirye na gari ya fi yawa a nan, wato su sa ƙin sayarwa ya zama abin da aka saba, ba rashin mutuncin mutum ɗaya ba.

Amma akwai inda shagon ya gaza, kuma ba ƙaramar gazawa ba ce. Akwai wani matashi da yake karɓar aiki a wasu darare, wanda hankalinsa ya fi karkata ga wayarsa, kuma sau biyu na ga ya sallami waɗanda da matar ce da sai ta nemi shaidarsu. Na faɗa wa dattijon, ya yi godiya, ya ce zai yi masa magana, sai dai ban ga alamar an horar da yaron kamar yadda su biyun suka horu ba, alhali a sa'o'insa ne aka fi buƙatar tsanani. Haka kuma firjin giya yana manne da na madara da lemo, ta yadda yaron da aka aika ba shi da hanyar kauce masa, kuma na sha tambayar kaina abin da zai hana a mayar da shi can ƙarshen shago. Abin da ya fi damuna shi ne ƙananan kwalaben vodka da aka jera a bayan tebur, masu ƙarfin da ya kusa kashi 40 cikin ɗari, waɗanda shirin bai taɓa su ba domin shi a kan giyar gwangwani da ta tuffa ya tsaya. An kashe maciji ba a sare kansa ba. Suna tuna mini da barasar leda da ƙananan robobi da ake sayarwa a tashoshin mota a Nijeriya, wadda hukumar NAFDAC ta sanar da hana ta a 2024, domin dabarar ɗaya ce, a ƙanƙanta mazubi har kuɗinsa ya dace da aljihun wanda ba shi da komai.

Wani ɓangaren laifin ba na shagon ba ne. Tunda shirin na ganin dama ne, wanda ya ƙi shiga shi ne yake kwashe cinikin da maƙwabcinsa ya bari, kuma tafiyar minti goma daga layinmu akwai inda har yanzu ake samun gwangwanayen nan, ma'ana matsalar ta matsa gaba ne zuwa ƙofar wasu. Dokar gasar kasuwanci ma ba ta yarda masu shaguna su zauna su ƙulla yarjejeniya a tsakaninsu kan abin da za su daina sayarwa ba, dole kowa ya yanke shawararsa shi kaɗai, abin da ya sa aikin bin su ɗaya bayan ɗaya ba ya ƙarewa, musamman idan shago ya sauya hannu. Sukotland ta bi wata hanya dabam a 2018, ta ƙayyade mafi ƙarancin farashi na fene 50, wato rabin fam ɗaya, a kan kowane awon barasa, ta ɗaga shi zuwa 65 a 2024, Wales ma ta bi sahu a 2020, wanda hakan ya sa robar lita ukun nan ta daina zama abin arha a can. Ingila ba ta yi haka ba, don haka nauyin ya rage a wuyan mutane irin wannan dattijo.

Idan ɗan'uwa ya sauka a wannan yanki ya tambaye ni inda zai riƙa sayen ƙananan kaya, zan nuna masa shagon, in gaya masa ya sayi kayan miyarsa a wani wuri, ya kuma aiki yaransa da rana lokacin da dattijon ko matarsa suke kan tebur, ba da dare ba. Wanda yake neman shagon da babu giya a cikinsa kwata-kwata, akwai su a Norwich Road, kuma can na fi kashe kuɗina, sai dai ba sa buɗewa a lokacin da nake tasowa daga aiki. Makon jiya na sake yi wa dattijon maganar firjin, ya dube shi, ya dubi inda soket ɗin wuta yake a bango, ya ce sai ya kira mai gyaran wuta tukuna, kuma har safiyar yau da na shiga sayen madara yana nan inda yake.