NursingCAS: Yana Rage Wahalar Neman Gurbin Karatun NP a Amurka, Amma Ba Ya Duba Ko Kun Cancanta

Nas ɗin da ke aiki a Amurka, idan tana son ta kai matsayin NP, wato nas mai zurfin karatu wadda ke duba marar lafiya da kanta, ta tura shi gwaji, ta gano cutar, ta rubuta magani, dole ta koma jami'a. Ko dai digiri na biyu da ake kira MSN, ko digirin digirgir na aiki da ake kira DNP. Matsayin NP ya samo asali ne a 1965 a Jami'ar Colorado, inda Loretta Ford da likitan yara Henry Silver suka fara horar da nas-nas don cike giɓin ƙarancin likitoci. Yau makarantun da ke bayar da shi sun yi yawa, kuma da dama daga cikinsu ba sa karɓar takardun nema kai tsaye. Sai ta NursingCAS, dandalin da ƙungiyar kwalejojin jinya ta Amurka, AACN, ta kafa tare da kamfanin Liaison International.

Hukuncinmu a kansa shi ne yana yin aikin da aka gina shi don yi, kuma yana yinsa da kyau: ya tattara takardunku wuri ɗaya, ya isar wa makarantu. Matsalar ita ce masu nema da yawa suna ɗora masa aikin da ba nasa ba. Suna ɗauka tunda ya bar su sun zaɓi makaranta sun biya kuɗi, to sun cika sharuɗɗanta. Ba haka ba ne, kuma kuɗin da aka biya ba ya dawowa.

Buɗe asusu kyauta ne. Fom ɗin ya kasu kashi huɗu: bayanan kanku, tarihin karatu, bayanan tallafi kamar lasisi da wuraren da kuka yi aiki, sai kashi na huɗu wanda kowace makaranta ke cika shi da nata buƙatun. Ukun farko sau ɗaya ake cika su, duk makarantun da kuka zaɓa su gani. A nan ne ribar dandalin take. Mai neman makarantu biyar ba zai rubuta tarihin aikinsa sau biyar ba, ba zai sa tsohuwar jami'arsa ta aika takardar sakamako sau biyar ba. Kuɗin aika fom zuwa makarantar farko bai kai dala 100 ba, na kowace ƙari kuma ya fi sauƙi. Sai dai wasu makarantun suna da nasu fom na biyu da nasu kuɗi daban, kuma ba kowace jami'a ce ke cikin tsarin ba. Ku fara duba shafin makarantar kafin ku buɗe asusu.

Inda mutane suka fi shan wahala shi ne tarihin karatu. Ana so ku bayyana kowace makarantar gaba da sakandare da kuka taɓa shiga, ko da kwas ɗaya kuka yi a wata ƙaramar kwaleji shekaru goma da suka wuce, ko da makin ya riga ya bayyana a takardar jami'ar da kuka koma. Idan makarantar da kuke nema ta buƙaci a shigar da kwasa-kwasai dalla-dalla, za ku zauna ku rubuta kowanne: lambarsa, sunansa, yawan kiredit (ma'aunin nauyin kwas), da makin da kuka samu, daidai yadda yake a takardar hukuma. Kada ku yi wannan daga ƙwaƙwalwa ko daga shafin ɗalibai na intanet. Ku nemi kwafin takardar sakamakon ku ajiye a gabanku, domin da ita ma'aikatan dandalin za su gwada abin da kuka rubuta layi bayan layi. Idan kuskuren ya yi yawa, sai a dawo muku da fom ɗin da alamar “Undelivered”, ku gyara, ku sake bin layi. Akwai tsarin da za ku biya su shigar muku, amma shi ma yana cin kwanaki, kuma dole ku duba abin da suka shigar kafin ya wuce.

Wani abin da ke ba masu nema mamaki shi ne GPA, wato matsakaicin maki, da dandalin ke fitarwa yakan bambanta da wanda ke kan takardar digirinsu. Dalilin a bayyane yake. Wasu jami'o'in suna goge makin kwas ɗin da ɗalibi ya faɗi idan ya maimaita ya ci. Dandalin kuwa yana lissafa duka biyun. Yana kuma mayar da kiredit na tsarin kwata (mai raba shekarar karatu gida huɗu) zuwa na simesta, inda kowane kiredit ɗaya ke komawa kashi biyu bisa uku. Yawancin makarantu suna neman aƙalla 3.0 bisa 4.0. Wanda yake kan gaɓa, misali 3.05 a takardarsa, ya lissafa da kansa tukuna. Idan ya ga ya sauka ƙasa, ya tambayi makarantar ko tana duba kiredit 60 na ƙarshe kawai, domin wasu suna yin hakan.

Game da aika takardar sakamako, hanyar lantarki ta Parchment ko National Student Clearinghouse, masu isar da takardun sakamako a madadin makarantu, ta fi sauri da aminci. Wanda zai aika ta gidan waya zuwa ofishinsu da ke Watertown a jihar Massachusetts, ya tabbata an haɗa da fom mai lambar shaidarsa, in ba haka ba takardar na iya isa ta rasa asusun da za a liƙa ta. Wannan ya fi shafar matan da sunansu ya canza bayan aure, da waɗanda aka rubuta musu Muhammad a takarda ɗaya, Mohammed a wata. Akwai gurbin rubuta tsohon suna a kashin farko. Ku cika shi.

Lokaci kuma shi ne babban abin da ake raina wa hankali. Danna maɓallin aikawa ba shi ne ƙarshe ba. Fom yana zama “Complete” ne bayan duk takardun da ake jira sun iso, sannan ya shiga layin tantancewa, wanda kan ɗauki har mako biyu kafin ya koma “Verified”. Wasu makarantun ranar aikawa suke dubawa, wasu kuma suna so a gama tantancewa kafin ranar rufewa. Ranar rufewar ma da agogon gabashin Amurka take aiki, ƙarfe 11:59 na dare, don haka wanda ke Texas ko California lokacinsa ya fi gajarta. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mu a ganinmu, a aika komai mako shida kafin rufewa.

Wasiƙun shaida an sauƙaƙa su sosai. Kuna sa suna da imel ɗin mai shaidar, dandalin ya aika masa hanyar shiga, ya ɗora wasiƙarsa da kansa, ku kuma kuna ganin ko ya yi ko bai yi ba. Saƙon yakan faɗa akwatin tarkace, musamman a imel na asibiti, don haka ku sanar da shi ranar da kuka tura. Makarantu kan nemi biyu ko uku: shugabar sashenku, malamin da ya koyar da ku, da wani NP ko likita da ya ga aikinku da idonsa. Wasiƙar abokiyar aiki da kuke matsayi ɗaya ba ta da nauyi. Za a tambaye ku ko kun yafe haƙƙin karanta wasiƙar. Ku yafe, domin kwamitin ɗaukar ɗalibai ya fi yarda da wadda aka rubuta a sirrance.

Yanzu ga ɓangaren da ya fi damunmu, wato nas ɗin da ta yi karatunta na farko a Najeriya, Ghana ko Nijar. A nan dandalin ba ya taimakawa sosai, kuma ya kamata a san haka tun farko. Ba ya auna takardar sakamakon ƙasar waje, ba ya sa makinta cikin lissafin GPA. Abin da ake buƙata shi ne rahoton wata hukuma mai auna takardun waje, kwas bayan kwas, ba na dunƙule ba. WES, ɗaya daga cikin irin waɗannan hukumomi, na iya aika rahotonta kai tsaye zuwa dandalin. Wasu makarantun kuma sun fi son na CGFNS, wadda ta koma TruMerit a 2025, ko na ECE. Kada ku ɗauka rahoton da kuka yi amfani da shi wajen neman lasisi da NCLEX, jarrabawar samun lasisin nas a Amurka, zai wadatar. Wancan don hukumar lasisi aka yi shi, kuma jami'a na iya ƙin karɓarsa. Ku rubuta wa ofishin ɗaukar ɗalibai ku tambayi wanne suke so, amsar ta kasance a rubuce, kafin ku kashe ko dala ɗaya.

Hukumomin nan suna so takardar ta fito daga makarantar da kanta, ba daga hannunku ba. Duk wanda ya taɓa neman tiranskirif, wato takardar sakamako, daga gida ya san ba aikin mako ɗaya ba ne. A ware masa watanni, a kuma samu wani amintacce da zai riƙa bibiya a ofishin rajista. Takardun da ke cikin Faransanci suna buƙatar fassarar da aka tabbatar.

Abin da ya fi wannan nauyi shi ne irin takardar kanta. Shaidar shekara uku ta makarantar koyon jinya a Najeriya tana iya kai mutum ga lasisin RN, wato nas mai rajista, a Amurka, amma ba digiri ba ce. Digirin BNSc na jami'a shi ne ake iya aunawa daidai da BSN, digirin farko na jinya a Amurka. Mai shaidar shekara uku sai ya bi ta gadar RN zuwa BSN, ko RN zuwa MSN inda ake da ita. Ko mai BNSc ɗin ma ya karanta sharaɗin da kyau: makarantu da yawa suna rubuta cewa digirin ya fito daga shirin da CCNE ko ACEN, hukumomin tantance karatun jinya a Amurka, suka amince da shi. Wasu suna sassauta wa digirin waje idan rahoton awo ya nuna daidai yake, wasu ba sa yi. NursingCAS ba zai tsayar da ku a kan wannan ba. Zai karɓi kuɗinku ya isar da fom ɗin, makarantar ta ajiye shi gefe. Haka batun jarrabawar Turanci: wasu suna yafe TOEFL ko IELTS ga 'yan Najeriya da Ghana, wasu sai an kawo.

Kashi na huɗu na fom ɗin shi ne inda ake cin gurbi ko a rasa, kuma babu abin da dandalin zai yi muku a ciki sai ba ku wurin rubutu. Tun 2008 aka tsara cewa NP yana karatu ne kan rukunin marasa lafiya takamaimai: iyali gaba ɗaya, manya da tsofaffi, yara, jarirai sabbin haihuwa, lafiyar mata, ko lafiyar ƙwaƙwalwa. Na manya da na yara sun sake rabuwa gida biyu, kulawar yau da kullum da kulawar masu tsananin ciwo. Rukunin da kuka zaɓa shi ne jarrabawar da za ku zauna, shi ne kuma iyakar aikinku. Nas ɗin sashen kulawa ta musamman da ta zaɓi na iyali don ta ji an ce ya fi samun aiki, tana iya gamawa ta tarar asibiti ba zai ɗauke ta a sashen da take so ba. Na jarirai kuwa yawanci sai da gogewar shekara biyu a sashen jarirai masu tsananin ciwo. Bayanin da za ku rubuta kan dalilin nemanku ya nuna kun san wannan bambanci, ya kuma danganta shi da marasa lafiyar da kuke kula da su yanzu. Ku rubuta shi a wani wuri daban sannan ku kwafa, ku lura da iyakar haruffa, ku kuma tabbata ba ku bar sunan wata jami'a a rubutun da za ku aika wa wata ba. Bayan an aika, yawancin abin da ke ciki ba ya gyaruwa.

Akwai tambayoyi biyu da jerin makarantun dandalin ba ya amsawa sosai, alhali su ne ke hana ɗalibai gamawa a kan lokaci. Ta farko: wa zai nemo muku wanda zai horar da ku a asibiti? Mafi ƙarancin sa'o'in duba marasa lafiya ya daɗe yana 500, ƙa'idojin 2022 sun ɗaga shi zuwa 750, DNP kuma na buƙatar sa'o'i 1,000 na aiki bayan digirin farko. Makarantu da yawa, musamman na intanet, suna barin ɗalibi ya nemo mai horarwa da kansa. Wanda bai samu ba zai zauna zango guda babu ci gaba, ko ya biya kamfanin da ke haɗa ɗalibai da masu horarwa kuɗi mai yawa. Kalmar “muna taimakawa” da kalmar “mu ke nemowa” ba ɗaya ba ne a aikace. Ku sa su faɗa muku wanne suke nufi.

Ta biyu: shin makarantar tana da izinin koyar da mazauna jiharku, kuma hukumar jinya ta jihar za ta amince da horon da aka yi a can? Shirye-shiryen intanet da yawa suna da jerin jihohin da ba sa ɗaukar ɗalibai daga cikinsu, kuma wanda ya ƙaura a tsakiyar karatu na iya makalewa. Mai bizar ɗalibi ta F-1 kuma ba zai iya yin shirin da yake kacokan a intanet ba, domin kwas ɗaya tak na intanet ake ƙirga masa a kowane zango cikin adadin da doka ta wajabta.

Wanda ya yi BSN a Amurka kuma yake neman makarantu uku zuwa sama, NursingCAS ya cancanci kuɗinsa ba tare da jayayya ba. Mai neman makaranta ɗaya tak, idan tana karɓar fom kai tsaye, hakan ya fi masa sauri. Mai takardun gida kuwa, ya fara da imel zuwa makarantar da kuma neman tiranskirif, ya bar buɗe asusu sai rahoton awon takardunsa ya kama hanya.