GARGAƊI: malaman makaranta ku kiyayi masu "aikin koyarwa a ƙasar waje" da suka shigo Kano

Salam jama'a. Dan Allah duk mai ɗan'uwa malamin makaranta, ta gwamnati ce ko ta kuɗi, ya tura masa wannan. Akwai wasu mutane da suka kama ofis a wani bene nan cikin gari suna karɓar kuɗin malamai wai za su samar musu aikin koyarwa a Ingila da Saudiyya da Katar, kuma wallahi damfara ce tsagwaronta. Ba zan kama sunan ofishin ba dan maganar ta riga ta je gaban hukuma, kuma ko na kama ma ba abin da zai ƙara muku, sunan da ke jikin allonsu daban, na kan rasit daban, asusun da ake tura kuɗin kuma sunan wani mutum ne can daban. Salon aikinsu zan faɗa muku, shi ne baya canzawa ko sun canza suna sun koma wata unguwa.

Ni kafe gare ni, firintin da fotokwafi da cike fom a intanet, to yawancin takardun nan ta hannuna suke bi. Wani malamin lissafi da muka saba, mutum mai kamun kai wallahi, ya turo min takarda ta WhatsApp yace Malam a fitar min da ita mai kala a takarda mai kauri, takardar ɗaukar aiki ce daga wata makaranta a Manchester. Na fitar masa na yi masa murna. Ba a jima ba wata malama ta zo da tata ita ma, wai ita Birmingham aka tura ta, ina buɗewa sai naga lambar da ke saman takardar iri ɗaya ce sak da ta malamin, sa hannun shugaban makarantar iri ɗaya har da ɗan ɗigon tawadar da ke gefe, tambarin makarantar an ja shi ya yi faɗi irin na wanda bai iya kwamfuta ba, adireshin imel ɗin kuma gmail ne. Makarantu biyu a garuruwa biyu amma hedimasta ɗaya. Nace Hajiya dan Allah kar ki ƙara tura ko sisi sai an bincika, ta kalle ni wani iri tace ai Alhajin mai ofishin mutumin kirki ne, da addu'a ma yake buɗe taro.

To ga yadda suke yi. Ba sa fara da tambayar miliyan, sun fi ƙarfin haka. Kuɗin fom ne da farko ɗan kaɗan wanda ba zai dame ka ba, sai a saka ka a guruf ɗin WhatsApp wanda admin kaɗai ke magana, kullum ana turo hoton mutane da akwati a filin jirgi wai rukunin farko ne sun tashi. Sai a kira ku tantancewa a ɗakin taro na wani otal, a ba ku ruwan gora da biro, wani mai kwat ya yi maka tambaya biyu da Turanci yace ka ci. Kowa ci yake, ba a taɓa jin wanda ya faɗi ba. Daga nan sai kuɗin riƙe gurbi, wai mutanen Legas da Ibadan suna neman cinye guraben Arewa in ba a yi sauri ba, kuma kun san yadda wannan maganar take shiga ran mutanenmu.

Inda suka fi wayo shi ne sai su tura ka ka yi takardun gaskiya. Su ce je ka yi fasfo, ka je Farm Centre ka yi na gaske da kuɗinka. Su ce sabunta lasisin TRCN, hukumar rijistar malamai ta ƙasa, ka yi. Su ce nemo takardar shedar ɗa'a ta 'yan sanda, ka cike a POSSAP, shafin 'yan sanda na intanet, ta fito. Duk waɗannan gaskiya ne ana buƙatarsu, shi ya sa zuciyarka take kwanciya, kana ganin ai abu yana tafiya bisa tsari. Kamar buhun waken da aka zuba mai kyau a sama ne ƙasan kuma duk tsakuwa, kai kana duba saman kana cewa alhamdulillahi. Kuma da yake ka riga ka kashe kuɗi da lokaci, ka gaya wa surukai da abokan aiki tafiya ta kusa, in aka zo kan babban kuɗin ba ka iya ja da baya.

Bari na faɗi abin da yake gaskiya game da Ingila dan a kansa suka gina ƙaryar. A watan Fabrairu na 2023 gwamnatin Birtaniya ta buɗe wa malaman wasu ƙasashe har da Najeriya damar neman QTS, wato shedar cewa kai ƙwararren malami ne a tsarinsu. Amma ga 'yan Najeriya ba kowane malami aka ce ba, masu koyar da lissafi da kimiyya da harsuna ne ga yara 'yan shekara 11 zuwa 16, masu digiri, kuma sai TRCN ta tabbatar da kai. A shafin gov.uk ake nema, kai da kanka, kuma dokokin suna canzawa shi ya sa can za ka je ka karanta da idonka ba a bakin ejan ba. Sannan QTS ɗin ba aiki ba ne ba kuma biza ba ce, ko ka samu sai ka nemi makarantar da za ta ɗauke ka da kanka. To su waɗannan mutanen malamin firamare mai NCE, malamin Islamiyya, malamar soshiyal, kowa cewa suke akwai gurbinsa. Har maganar fam 10,000 ta kuɗin ƙaura suke yi wa mutane, eh an taɓa yin wannan tsarin daga 2023, amma na malaman fiziks da harsuna ne kawai kuma sai mutum ya isa ya kama aiki ake biya, ba wai ka ba wani a Kano kaso tun yanzu ya "buɗe maka fayil" ba.

Babban kuɗin a kan CoS suke karɓa, wato shedar cewa makaranta ta ɗauki nauyin zuwanka aiki. Na ga wadda suka ba malamin nan, takarda ce mai ado da zanen kambun sarauta da hatimi mai ruwan gwal a ƙasa, har leda ya sa na manna mata. Jama'a CoS ba takardar ratayewa a bango ba ce, lamba ce da ke cikin kwamfutar hukumar shige da ficen Birtaniya, makarantar da ta ɗauke ka aiki ce take fitar da ita, kuma sai makarantar tana da lasisin ɗaukar baƙi. Jerin sunayen masu wannan lasisin yana nan a gov.uk kyauta, kowa zai iya saukewa ya duba. Ba saida ta ake ba, wanda ya ɗauke ka aiki shi ke biyan kuɗinta. Kuma ko ka ga sunan makarantar a jerin kar ka tsaya nan, dan suna ɗaukar sunan makarantar gaske su liƙa, ka nemo shafin makarantar da kanka ka tura musu imel ka tambaya ko sun san da kai. Mun yi wa malamin haka, amsar da ta dawo layi biyu ce, ba su san shi ba kuma ba su da wakili a Najeriya.

Kai ka ma yi tunani da hankalinka na malami. Nan Kano makarantar kuɗi ta unguwa ba ta ɗaukar ka sai mai makaranta ya gan ka ya sa ka ka shiga aji ka koyar yana kallo, to wace makaranta ce a Ingila za ta danƙa maka 'ya'yan mutane ba ta taɓa ganin fuskarka ko a bidiyo ba, ba ta tuntuɓi inda ka yi aiki a baya ba?

Sai maganar IELTS, jarrabawar gwada iya Turanci, wai ka kawo kuɗi a fitar maka da sakamako ba sai ka zauna jarrabawa ba, suna da mutum a ciki. Wannan ma ya fi asarar kuɗi muni. Sakamakon yana da lamba kuma masu karɓa suna shiga intanet su tabbatar, in aka kama ka da takardar jabu a neman bizar Birtaniya za a iya hana ka shiga ƙasar har shekara 10, kai ne sunanka ya ɓaci ejan yana nan yana shan shayinsa. Haka gwajin tarin fuka, akwai asibitocin da aka amince da su a Abuja da Legas, ba wani ɗakin gwaji na bayan layi da za su tura ka ba. Kuɗin biza da kuɗin lafiya na fam 1,035 a shekara duk a shafin gwamnatinsu ake biya, sannan ka je da ƙafarka a ɗauki hoton yatsunka. Babu ko ɗaya a ciki da ake turawa asusun wani mutum a Opay ko Moniepoint.

Na Saudiyya kuwa ban ma san yadda ɗan Kano zai faɗa ba amma ana faɗawa. Wai makarantar ƙasa da ƙasa ce a Jidda take neman malaman Turanci, ka shiga da bizar Umra in ka isa za a juya maka ita ta koma iƙama. Haba jama'a. Wane gida ne a garin nan bai san labarin takari ba? Bizar Umra ba ta aiki ba ce, in ta ƙare ka zama mai ɓuya, in an kama ka gidan tsare baƙi na Shumaisi za a kai ka ka zauna har ranar da za a kwaso ku a sauke a filin jirgin Malam Aminu da leda a hannu. Aikin gaske sai da kwantiragi da bizar aiki tun kana gida, takardun karatunka kuma sai sun bi ta Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da ta Harkokin Waje a Abuja an buga musu hatimi kafin ofishin jakadanci ya karɓa. Mata su fi kiyayewa a nan, ana cewa koyarwa a ƙare a aikatau.

Wani lokacin ma da sunan gwamnati suke zuwa, su ce suna da gurbi a TAC. TAC gaskiya ce, tun 1987 Najeriya take tura malamai da likitoci da injiniyoyi ƙasashen Afirka da Karebiyan na shekara biyu, amma hukumar ce take sanarwa da kanta ta tantance mutane da kanta.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne yadda suke amfani da mutanen kirki. Ba su suke yawon neman mutane ba, sai su samu wani babban malami da ake ganin girmansa su ce Baba in ka kawo mutum biyar an yafe maka rabin kuɗinka, shi kuma da zuciya ɗaya ya je ya tattaro ɗalibansa na da da ƙannen matarsa, yau ga shi shi ma an cinye nasa kuma shi ake zuwa wa sallama ƙofar gida ana neman kuɗi. Malamar nan ɗan kunne da sarƙarta na aure ta saida ta haɗa da kwasar adashe. Malamin lissafin kuma har ya ajiye aiki dan sun ce masa kafin Satumba zai tashi, yanzu darasin gida yake bi yana yi wa yara da yamma. Masu cewa ai kwaɗayi ne ya ja musu, ku ji tsoron Allah, mutumin da ya yi shekaru yana koyarwa albashinsa a makarantar kuɗi bai kai ko mafi ƙarancin albashi na 70,000 da aka sa hannu a 2024 ba, dan ya nemi mafita ba laifi ya yi ba.

Sannan kar ka kuskura ka ba kowa asalin takardunka. Sun karɓi fasfo da satifiket na asali na mutane da yawa wai za a kai ofishin jakadanci, da mutum yace ya fasa a ba shi kayansa sai a ce sai ya biya kuɗin janyewa. Fotokwafi ko sikanin ya ishi duk wani ejan. In ya nuna maka satifiket ɗin CAC a bango kar ya burge ka, rijistar suna ce kawai, mai shagon saida katin waya ma yana da ita. Abin tambaya shi ne lasisin ɗaukar ma'aikata na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, da malamin ya tambaye su shi sai aka cire shi daga guruf a daren.

Wanda ya riga ya biya kar ya goge komai dan haushi ko kunya. Ka ajiye alat na banki, rasit, hirarku ta WhatsApp, saƙon murya, lambobin wayarsu, ka je bankinka ka shigar da ƙorafi a rubuce da wuri, sannan ku haɗu ku kai takarda ofishin EFCC na nan Kano, zuwa a ƙungiya ya fi a saurare ku. In an riƙe maka fasfo ko an riga an fitar da wani naka waje to NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane, su ma suna da ofis a Kano. Kuma ku kula, akwai wanda ya fara kiran waɗanda aka cuta yana cewa shi jami'i ne zai karɓo musu kuɗinsu in sun ba da na mai, to ina ya samu lambobinku in ba a wajensu ba?

Ofishin na benen dai yanzu a kulle yake da kwaɗo, mai gadi yace sun kwashe kujeru da daddare. Amma guruf ɗin yana nan yana aiki, wata da ba a cire ba ta nuna min sanarwar da suka saka cewa sun koma aiki ta intanet saboda gyaran ofis, rukuni na biyu za a rufe ranar Juma'a, kuma wai yanzu suna karɓar malamai daga Zariya da Dutse da Katsina. Masu 'yan'uwa a can ku kira su.