Yini guda a tsibirin Lantau: motar igiya, mutum-mutumin Buddha da ƙauyen Tai O

Sayayya ce ta kai ni Hong Kong, kuma sai da kaya suka shiga hannun masu aikawa sannan na samu yini guda na kaina. Wani dattijo da muke masauki ɗaya a Tsim Sha Tsui ya ce mini, "Malam, kada ka koma gida ba ka hau motar igiyar Lantau ba." Na ce, "To Alhaji, sai dai mu je tare." Washegari da hantsi muka kama jirgin ƙasa zuwa Tung Chung, garin da motar ke tashi a tsibirin Lantau.

Motar igiyar nan, Ngong Ping 360, wadda ke tafiya a sama rataye da igiyar ƙarfe, ko ita kaɗai ta isa a je dominta. Tun 2006 take aiki, nisanta kilomita 5.7, tafiyar kusan minti 25. Mun ƙara kuɗi mun shiga mai daɓen gilashi, kuma kuɗin ya biya. Da farko teku ce a ƙarƙashin tafin ƙafarka, ga filin jirgin sama a gefe jirage na tashi ɗaya bayan ɗaya. Can sai ta karkata ta nufi duwatsu, daji kore shar, da wata siririyar hanyar ƙafa tana ratsa shi. Alhaji ya yi shiru da carbi a hannu, sai "Allahu Akbar" da yake yi a hankali. Kafin mu sauka muka hango mutum-mutumin Buddha daga nesa, zaune bisa tsauni.

Sunansa Tian Tan. Da tagulla aka yi shi, guntaye 202 aka harhaɗa, tsayinsa mita 34, an kammala shi a Disambar 1993. Yana zaune a kan siffar furen bado, hannun dama a ɗage, na hagu bisa cinya. Kafin ka isa gindinsa sai ka taka matakala 268. Alhaji ya tsaya a ƙasa saboda gwiwa, ni na hau, na huta sau biyu.

Ni Musulmi ne, kallo ya kai ni ba ibada ba, kuma babu wanda ya nemi in rusuna ko in riƙe turare. Amma na ga masu wurin. Wata tsohuwa da ke gabana, duk inda ta tsaya sai ta haɗa tafukanta, leɓunanta na motsi, sannan ta sake kama ƙarfen gefe ta ci gaba. Ganin haka ya sa na rage murya, na mayar da waya aljihu har ta yi nisa.

Abin da ya rage mini daɗi shi ne hazo. Ina isa sama ya rufe kan mutum-mutumin ruf, na jima ina jira kafin ya yaye. Mai niyyar zuwa ya duba hasashen yanayi tukuna.

A ƙasa akwai gidan ibadar mabiya addinin Buddha, Po Lin, wanda aka kafa a 1906. Sandunan turaren da ke harabar wasu kaurinsu ya kai taɓarya, kuma shanu na yawo abinsu tsakanin jama'a. Abincin gidan ba nama, ganye ne da shinkafa da awara, mun ci hankali kwance.

Daga nan bas mai lamba 21 ta kai mu Tai O, kuma nan ne zuciyata ta fi zama. Tsohon ƙauyen masunta ne, gidaje a kan turaku cikin ruwa, kwale-kwale ɗaure a bayan gida. Ƙamshin busasshen kifi ke fara tarbarka. Suna niƙa ƙananan jatan lande da gishiri su shanya a faifai, su yi wani abin ɗanɗano mai ƙarfin wari, kai ka ce daddawa. Mun biya kwale-kwalen neman fararen dolfin masu ratsin ruwan hoda, mai tuƙin ya faɗa tun farko cewa sai an dace, kuma ba mu dace ba. Duk da haka, ratsa tsakanin gidajen ta ruwa ya fi kallonsu daga gada.

A bakin ruwan muka samu wuri mai tsabta muka haɗa azahar da la'asar. Alhaji ya sayi ƙullin busasshen kifi na tsarabar Hajiya, muka shiga bas mai lamba 11 zuwa Tung Chung.