Hattara da masu tallar filas ɗin da "ke tayar da kowace kwamfuta"

Jama'a, a yi hattara da masu tallar wani filas na USB da suke cewa yana ɗora Windows 11 a kan kowace tsohuwar kwamfuta, ko da ta zamanin XP ce. Damfara ce.

Windows 11 ba ta da nau'in 32-bit kwata-kwata. Kwamfuta mai tsohuwar furosesar 32-bit irin Pentium M ko Atom N270 ba za ta ɗauke ta ba, ko wane ne ya haɗa filas ɗin. Daga fitowar sigar 24H2 ta Windows 11 ma, kwamfuta mai Core 2 Duo ta daina tashi da ita, domin furosesar ba ta da umarnin POPCNT da sigar ke buƙata. To me suke ɗora maka? Galibi Windows 7 ce aka yi wa kwalliya, aka sauya mata hoton fuska da maɓallin Start. Don ka gane, danna maɓallin Windows da R, ka rubuta winver, zai nuna maka lambar sigar. In ka ga 7601, Windows 7 ce, wadda Microsoft ta daina tallafa wa tun Janairun 2020. Lambar Windows 11 daga 22000 take farawa. Kwalliyar ma da sauƙi. Abin tsoron shi ne irin waɗannan kwafin sukan zo an kashe musu sabuntawa, wasu har da manhajar satar kalmar sirri a ciki.

Wayonsu na biyu: in kwamfutar ta ƙi ganin filas, sai su ce sai ka biya an sabunta BIOS, wato manhajar da ke fara tayar da kwamfuta. Kada ka yarda da wuri. Fayil ɗin BIOS da ba na babban allon cikin kwamfutarka (motherboard) ba, ko yankewar wuta ana tsakiyar aikin, yana iya kashe allon, ka kunna ka ga duhu kawai.

Sau da yawa filas ɗin ne aka tsara ba daidai ba. Tsohon BIOS tsarin faifai na MBR ya sani, su kuwa sun yi shi da tsarin GPT na UEFI, wato magajin BIOS a sababbin kwamfutoci. A Rufus, manhajar haɗa filas ɗin tayar da kwamfuta, ka zaɓi MBR, ka soka filas ɗin kafin ka kunna, sannan ka duba ƙarƙashin jerin faifan ajiya a cikin BIOS, domin wasu BIOS can suke ɓoye shi. In kwamfutar ba ta tashi daga USB sam, ƙona manhajar Plop Boot Manager a faifan CD, shi zai miƙa ta ga filas. Rufus da Plop duk ana sauke su kyauta don amfanin kai, su ne kuma ake sayar muku da sabon suna.

Mai RAM gigabait 1 ya nemi antiX na 32-bit, wani nau'in Linux marar nauyi da ake amfani da shi maimakon Windows, daga shafinsu na asali, ya kwashe fayilolinsa kafin ya taɓa komai.